Jar Akuya da Takalmin Roba

Wanda duk ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san abin da za mu faɗa. Tun da jijjifi motoci ke kwararowa daga Sakkwato da Gwadabawa, masu jakuna da raƙuma kuwa suna gangarowa daga Birnin Ƙwanni da ƙasar Adar, kafin hantsi ya ɗaga kara ta cika maƙil da shanu da tumaki da awaki, ba ka jin kome sai muryar dillalai da kukan bisashe. La'asar na yi sai ka ga manyan motoci sun yi lodi sun miƙa Kudu. To, in mutum ya bar kara ya shiga cikin rumfuna, sai ya tsaya ya dubi abin da masu sayar da dabbobin nan ke saye da kuɗin da suka karɓa. Zai ga takalmin roba, da tabarmar roba, da butar roba, da igiyar roba, da atamfar da aka buga a ƙasar Sin. Mutum ya sayar da jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Ingila, ya koma gida yana jan takalmin da ba zai ga damina biyu ba.

Wannan al'amari shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Muna rubuta wa 'yan'uwanmu ɗalibai ne da malamanmu, domin yawancinmu in mun fita daga nan makarantun ƙauyuka za a tura mu, kuma abin da muka girmama a gaban yara shi za su girmama, abin da muka yi wa dariya shi za su gudu. Ra'ayinmu shi ne, sana'o'in hannu da wasannin gargajiya na ƙasar bakin iyaka dukiya ce sosai, daidai da gero da albasa da shanu, kuma makaranta tana da hannu cikin lalacewarsu, saboda haka wajibinta ne ta sa hannu cikin gyaransu.

Cikin hutun da ya wuce waɗansunmu suka je Lafani, a ƙasar Illela, gaishe da dangi. Muka iske wani dattijo baduku zaune a zaurensa yana ɗinkin gafaka, basilla a hannu, jar fata shimfiɗe bisa gwiwa. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ina yaran da ke taya ka aiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Samari, ai ku kuka kwashe su. Wanda ya yi boko ya ce warin fata ya ke ji, wanda bai yi ba ya sayi babur yana ɗaukar jarka." Muka yi shiru, don ba mu da amsa. Gafakar nan da ke hannunsa kuwa, in an kai ta Kano ko Yamai, sai mai kuɗi ya tsaya ya taya. Ran da Allah ya karɓi ran tsohon nan, abin da ke cikin yatsunsa za a binne tare da shi.

Kada wani ya zaci wannan magana sabuwa ce, ko kuwa daga littattafan Turawa muka tsinto ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafta kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya nuna lalle ne a zaunar da su cikin ko wane gari gwargwadon bukatarsa. Haka kuwa ya yi a garuruwan ribaɗi da ya kafa. Har yau sunayen shiyoyin birnin Sakkwato suna ba da shaida, ga Madunka ta masu aikin fata, ga Maƙera Assada ta masu wuta da uwar maƙera. Ƙasar nan ta arewa da mu ke magana a kanta kuwa, Marafa Muhammadu Maiturare ne ya raya ta daga Gwadabawa, ya tattaro mutane daga Adar da Gobir ya zaunar da su, kafin ya zama Sarkin Musulmi cikin 1915. Gari ba ya zaunuwa da manomi kaɗai. Sai da maƙerin da zai yi masa kalme, da badukun da zai yi masa wasaki na jan ruwa, da mai tukwane, da masaƙi.

Baƙi ma sun gani sun faɗa. Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarimu, ya shiga Kano cikin 1851, ya zo Sakkwato cikin 1853. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar ko wace shekara sun kai na wuri 300,000,000, ana kai su har Tambutu da Tarabulus, ya kuma yaba takalma da jakunkuna da sauran aikin fata na ƙasar Hausa. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, aikin nan a cikin gidaje a ke yinsa, magidanci ba ya rabuwa da iyalinsa. A zamanin nan ne kuma ayarin raƙuma ke ɗaukar jemammiyar fatar jar akuya su ƙetare Sahara da ita. Da ta isa bakin Bahar Rum sai Turawa su saye, su yi bangon littattafai masu tsada da ita. Da ya ke daga tashoshin Arewacin Afirka ta ke isa gare su, sai suka sa mata suna fatar Maroko. Akuyar tamu ce, jimar tamu ce, suna ya tafi ga wani. Tun daga ran nan mu ke biyan bashin rashin suna.

Bari mu bi fata guda ɗaya mu ƙidaya hannuwan da ke ci daga gare ta, don a gane inda arzikin ya ke. Mace ta yi kiwon akuyar a bayan ɗaki. Mahauci ya yanka ya feɗe. Majemi ya jiƙa fatar, ya sa toka ya tuge gashin, ya sa fataka ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu, ya shafe ta da mai. Bagaruwar nan yara da tsofaffi mata ne ke tsinto ta su daka su sayar. Jan launi daga karan dafi ya ke, wanda manomi ya shuka a gefen gona. Baƙi kuwa daga kuloko, wanda a ke haɗawa da kashin maƙera. Baduku ya yanka ya ɗinka, ya yi takalmi ko jaka ko gafaka ko kube ko kayan doki. Dillali ya kai kasuwa, fatake su ɗauka. Ga hannu wajen goma, ko wanne ya sami na cefane, kuma dukansu cikin ƙasa guda su ke, kuɗin yana zagayawa tsakaninsu kamar ruwa cikin fadama. In kuwa an ɗora akuyar a mota da ranta, ko an bushe fatar an aika da ita ɗanya, hannu biyu ko uku kaɗai suka ci, sauran bakwai sun koma ga mutanen wata ƙasa. Manyan majemun Kano na Sharaɗa da Chalawa suna gyara fatu su aika Italiya da Sifen, a can a yanka a ɗinka a buga tambari, tambarin nan kuwa shi ke da rabo mafi tsoka.

Yaya aka yi muka kai ga wannan hali? Ruwa ba ya tsami banza. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, hanyar Sahara ta mutu, ciniki ya juya fuska wajen Ikko. Kamfanonin Turawa ɗanyar fata su ke so, don majemunsu na gida su sami aiki, saboda haka abin da aka dage koya wa mutanenmu shi ne kyakkyawar fiɗa da shanya a inuwa, aka bar jima da ɗinki a baya. Kafin wannan kuma Ingila da Faransa sun ja layi tsakanin 'yan'uwa, aka kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908, Illela ta faɗa hannun Ingilishi, Ƙwanni ta faɗa hannun Faransi, alhali tsakaninsu tafiyar ƙafa ce ta safe ɗaya. Maratta ma, inda aka haifi Shehu Usmanu cikin 1754, tana can ƙetaren layin. Daga baya roba ta zo da arha, ta kori ƙwarya da tulu da tabarmar kaba daga ɗakin amarya.

Amma kada mu ɗora wa baƙo laifi duka mu wanke kanmu. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, har da sashen sana'a ya yi, ana koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Sannu a hankali sai girma ya koma ga mai alƙalami, aikin hannu ya zama abin da a ke tura yaron da aka yanke ƙauna daga kansa. Har yanzu a makarantu da yawa, in lokacin aikin hannu ya yi, sai malami ya ce ko wane yaro ya kawo tsintsiya ko ya kawo kuɗi a ba shi maki. Mun gani da idonmu sa'ad da muka fita gwajin koyarwa. Yaron da ubansa ya fi kowa iya saƙar malfa a garin, shi ne ke sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo, don kunyar kada a ce masa ɗan masaƙi. Wannan darasi ya fi duk wanda muka rubuta a allo shiga zuciyarsa.

Wani zai ce, ai garin bakin iyaka ba ya bukatar basilla, iyakar kanta ita ce gonarsa. Gaskiya ne shekaru da yawa samarin Illela da ƙauyukanta sun ci abinci daga bambancin farashi tsakanin ƙasashen biyu, wannan ya ƙetarar da man fetur, wancan ya shigo da shinkafa. Sai mu tuna abin da ya faru a gaban idonmu. Cikin watan Agusta 2019 Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, ribar jarka ta ragu ƙwarai. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar, motoci suka yi layi, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, har zuwa Maris 2024. Cikin Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Abincin da sa hannun mutum guda a Abuja ko Yamai ke iya yankewa cikin dare ɗaya, ba abin da magidanci zai dogara gare shi ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Baduku shi ma ya ji jiki da aka rufe hanya, amma da aka buɗe sana'arsa na nan inda ya bar ta, ba wanda ya iya ƙwace ta a shingen kwastan.

Wani kuma zai ce, talaka arha ya ke bi, ba za a hana shi tabarmar roba don a faranta wa mai kaba rai ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa za mu yi musunta ba. Ba mu ce a kori roba daga kasuwa ba, ba mu kuma ce mace ta koma ɗaukar tulu alhali ga jarka mai sauƙi. Akwai kayan da inji ya riga ya ci, sai haƙuri. Amma akwai waɗanda inji bai iya ba, mai saye kuwa yana nemansu don aikin hannu ne, kamar gafaka, da sirdi da kayansa, da takalmin fata mai kyau, da malfa, da faifai mai zane, da ƙwaryar da aka yi wa ado, da rigar da aka yi wa aska da allura. Tabarmin Madawa har yau ana ɗaukarsu zuwa nesa, marinar Ƙofar Mata a Kano har yau baƙi na zuwa saye. Sai mai sana'a ya san wace kasuwa ce tasa, ya daina kokawa da roba a inda roba ta fi shi ƙarfi.

A nan kuwa dole mu faɗa wa masu sana'armu gaskiya, ko da ɗaci. Sau da yawa fatar ba ta jemu sosai ba, sai jaka ta yi wari in damina ta sauka. Mahauci ya huda fata da wuƙa don gaggawa, mai akuya ya ɓata ta da lalas. Takalmi ƙafar dama ta fi ta hagu. An yi alkawarin kaya ran Alhamis, sai bayan Salla. Mai sana'a bai san nawa ya kashe ba balle ya san ribarsa, dillali ya taya yadda ya ga dama. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan aibobi, maganinsa yana cikin abin da mu ke koyarwa, watau awo da lissafi da rubutu da tsabta da cika alkawari. Tsoho yana da gwaninta ba shi da lissafi, ɗansa ɗan makaranta yana da lissafi da waya a aljihu ba shi da gwaninta. Aikin malami shi ne ya haɗa su zaure guda.

Dubi abin da ya faru ga Ladi Kwali. A ƙauye ta koyi ginin tukwane wurin danginta, irin na matan Gwari. Cikin 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu. Ba ta yar da zanen gidansu ba, sai ta ƙara da sanin sabuwar wuta da sabon shafi. Tukwanenta suka kai London, ta zaga Turai da Amurka tana nuna aikinta, yau ga hotonta a bayan takardar Naira 20. Ilmin zamani ya iske gwaninta a hannunta ya ɗaukaka ta. Matan da ke saƙar faifai a Lafani da Kalmalo da Araba ba su kasa ta basira ba, abin da ta samu ne ba su samu ba.

Game da suna kuwa, maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. A Maraɗi akwai gidan kiwo na gwamnati da aka keɓe don tsare irin jar akuya kada ya gurɓace. A Yamai ana yin kasuwar baje kolin sana'o'in mata, a Wagadugu kuma tun 1988 a ke tara masu sana'ar hannu na Afirka. Galmi ba ta da nisa da Illela. In albasa ta sami takardar suna, me zai hana fatar Sakkwato?

Sai maganar wasanni, wadda ta fi jawo gardama. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Kabawa suka yi masa su a Matan Fada don murnar zaman lafiya bayan gaba ta shekaru. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi ya tashi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin tsarewa cikin 2016, ta kuma sa hawan Salla na Kano cikin 2024. A Nijar an fara kokawar takobi ta ƙasa a Tawa cikin 1975, tana zagaya jihohi, garin da ta sauka kuwa mai masauki da mai tuwo da mahauci da mai mota da makaɗi duk sai sun san an yi. Doki guda da aka shirya don hawa yana ɗauke da aikin baduku da maƙeri da masaƙi da maɗinki. Waƙa ita ma tana kai suna inda ƙafa ba ta kai ba. Mutane nawa ne suka san Isa ta bakin Narambaɗa, suka san Shago ta bakin Ɗan Anace, ba su taɓa taka ƙasar Sakkwato ba?

Duk da haka muna gargaɗi, biki na kwana uku ba ya ciyar da gari kwana ɗari uku da sittin. Bikin Argungu kansa ya yi shekara wajen goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi cikin 2020. Baƙo kuma ba ya zuwa kallo inda ya ke tsoron hanya, ga shi kuwa 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato shekarun nan, sun tashi ƙauyuka, sun hana noma. Biki amfaninsa shi ne ya zama ranar da mai sana'a zai nuna aikin shekara, ya sami abokin ciniki wanda zai riƙa aiko masa saƙo bayan an watse. In an yi taro an kashe kuɗin jama'a wajen rumfar manya da jawabai, masu sana'a na tsaye a rana, an yi hasara. Samarin da ba su da abin yi kuwa su ne itacen da wutar fitina ke ci, saboda haka zauren baduku mai almajirai biyar yana cikin masu tsaron gari.

Mun san akwai malamai da 'yan'uwa masu ƙyamar kiɗa da wasa saboda addini, muna kuwa girmama ra'ayinsu, don Shehu da kansa ya yi hani ga kiɗan banza da cuɗanyar maza da mata. Sai dai mu tuna musu, mafi yawan abin da mu ke kira a raya ba mai gardama a kansa. Rubutun Alƙur'ani da zayyana da gafaka da allo da tawada duk aikin hannu ne. Shehu da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u kuwa, in ta naɗa jaji wadda za ta jagoranci 'yan taru, malfa ta ke ɗora mata, aikin masaƙin kaba ya zama alamar ilmi. Abin da ya saɓa wa shari'a a bar shi, abin da bai saɓa ba a riƙe shi da kyau.

Akwai wani ciwo kuma wanda ba mu son ambatonsa. A ƙasarmu ana raina majemi da mahauci da maƙeri da makaɗi, har a hana su aure a waɗansu gidaje, alhali kowa na cin naman, yana sa takalmin, yana noma da kalmen. Muddin yaro ya ga sana'ar ubansa za ta hana shi matar da ya ke so, zai gudu daga gare ta ko nawa ta ke kawowa. Wannan ba dokar gwamnati ke gyara shi ba. A aji a ke fara gyaransa, ran da malami ya miƙe tsaye don baduku ya shigo.

To, me za mu yi? Ga abin da mu ke roƙo, ba kuwa wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, muna roƙon shugabannin wannan kwaleji su keɓe yamma ɗaya ko wane mako, a ɗauko gwanin dukanci da gwanar saƙar kaba su koya mana, a biya su kamar yadda a ke biyan ko wane malami, a kuma kira su malamai. Wanda bai taɓa riƙe basilla ba ba zai koya wa yaro girmama ta ba.

Na biyu, duk ɗalibin da ya fita gwajin koyarwa ya komo da littafi guda wanda ya rubuta sana'o'in garin a ciki, da yawan masu yinsu, da kayan aikinsu da sunayensu, da inda su ke sayarwa, da abin da ke damunsu. A ajiye ɗaya a ɗakin karatunmu, a aika ɗaya gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Kalmomin sana'a suna mutuwa tare da masu ita, in ba mu rubuta ba ba mai rubutawa.

Na uku, mu ɗauko lissafin aji daga kasuwar garin. Maimakon tambayar da aka kwafo daga littafin wata ƙasa, a ce wa yaro ya tambayo kuɗin fata da bagaruwa da zare da kwanakin aiki, ya fitar da abin da ya kamata a sayar da takalmi. Ran nan zai koma gida da abin da zai amfani ubansa.

Na huɗu, muna kira ga ƙaramar hukuma da uwayen ƙasa su ware wa masu sana'ar hannu layi nasu a kasuwar Illela, su taimaki majema da rijiya da wurin aiki a bayan gari, su nemi makarantar koyon aikin fata ta Zariya ta riƙa aiko masu koyarwa. Masu sana'ar su kuma su haɗa kai su yi ƙungiya, su sayi kayan aiki tare, su yi tambari guda wanda ba za a buga shi ba sai ga aikin da dattawansu suka duba suka yarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin 2024 an ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta bi Sakkwato har Badagiri a bakin teku. Hanya ba ta zaɓen kaya. In ba mu da abin ɗora mata sai akuya mai rai, za ta ƙara saurin kwashe arzikinmu ne ta kawo mana roba.

Na biyar, bayan kaka ko wace shekara a yi kasuwar sana'a ta kwana biyu tare da mutanen Ƙwanni, bana a nan, baɗi a can, a yi kokawa da sukuwa, a ba da kyauta ga fatar da ta fi jemuwa da tabarmar da ta fi kyau. Harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya, ko gwamnatoci sun yi fushi da juna sarakunan gargajiya na iya riƙe wannan zumunci.

Na shida, ko wace makaranta ta shuka bagaruwa da goruba a filinta, don mata suna ƙara nisa wajen neman kaba, majema kuma suna sayen bagaruwa da tsada. Yaron da ya shuka a aji ɗaya zai tsinci 'ya'yan bagaruwarsa kafin ya yi aure.

Na ƙarshe ya rataya a wuyanmu mu kaɗai. Mu dubi ƙafafunmu da jakunkunan littattafanmu da abin da mu ke shimfiɗawa a masallacin kwaleji. In albashinmu na fari ya zo, mu sayi takalmi ɗaya wurin baduku, mu shiga aji da shi, yara su gani. In za a ba da kyautar ƙarshen shekara, a ba da jakar fata ta gida.

Mun yi wa tsohon nan na Lafani alkawari za mu komo da rani da yara biyu daga cikin danginmu su zauna wurinsa bayan an tashi makaranta. Ya ce zai jira, in da rai. Muna fata 'yan'uwa da ke da wani ra'ayi dabam za su amsa mana a fitowa ta gaba, don a gardama a ke gane gaskiya. Allah ya sa albarka cikin hannuwan masu sana'a, ya ba mu ikon girmama su, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.